Yadda Ake Gano Abin da Ya Hana Laftof Kunnuwa

Idan mutum uku suka ce maka laftof ɗinsu ta ƙi kunnuwa, da wuya a ce cuta ɗaya ce ke damun su. Wani ya danna maɓalli bai ga ko ƙyallin fitila ba, bai ji motsin fanka ba, shiru kake ji. Wani fitila ta kama, fanka na juyawa, amma allo baƙi ƙirin. Wani kuma tambarin kamfani yana fitowa sarai, sai dai daga nan ba gaba ba baya, ko ta riƙa mutuwa tana sake tashi da kanta. Na farko matsalarsa ta wuta ce. Na biyu wuta ta shiga, amma ko dai na'urar ta tsaya a gwajin da take yi wa kanta kafin ta nuna hoto, ko kuma allon ne ya samu matsala. Na uku kuwa, sau da yawa kayan cikin lafiyarsu ƙalau, manhaja ce ko ma'ajiyar bayanai ta kawo cikas. Wanda bai rarrabe waɗannan ukun ba, shi ne zai sayi sabuwar caja alhali laifin na RAM ne, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ko ya bari a goge masa aikin shekaru alhali wani ɗan sabunta manhaja ne bai zauna daidai ba.

Saboda haka aikinka na farko kallo ne da saurare. Kai ta wuri mai shiru da ɗan duhu, ka danna maɓallin kunnawa sau ɗaya, ka jira minti guda cur. Duba fitilar caji da ke gefe ko gaba, duba ta jikin maɓallin, kara kunnenka kusa da ramukan iska, ɗora tafin hannunka a ƙasanta ka ji ko tana ɗumi. Abin da ka gani shi zai nuna maka sashen da za ka bi.

Akwai hali uku da ba a danna maɓallin ma sam. Idan ruwa ko wani abin sha ya zube a kanta, ko kana jin ƙaurin ƙonewa, ko ka ga jikinta ya kumbura har wurin da ake shafawa da yatsa ya ɗago ko murfin ƙasa ya buɗe baki, to cire caja ka dakata. Wuta ce ke ƙone kayan cikin da suka jiƙe, kuma kowane gwaji ƙara ɓarna yake yi. Kumburin kuwa batir ne ya tara iska a cikinsa, kuma batirin lithiyom da ya kumbura yana iya kamawa da wuta idan an matsa shi ko an huda shi. Irin wannan sai mai gyara, kai tsaye.

Idan babu alamar wuta ko kaɗan

Fara daga bango ka taho zuwa ga kwamfutar, kada ka tsallake komai don yana kama da ƙaramin abu. Jona wani abu a soket ɗin, ko cajar waya ce, ka tabbata yana ba da wuta. Idan ta doguwar waya mai bakuna da yawa kake jonawa, cire ta ka shiga bango kai tsaye. Sannan cajar kanta kashi biyu ce a mafi yawan laftof: wayar da ke zuwa bango, da ɗan akwatin da ke rage ƙarfin wuta. Mahaɗar da ke tsakaninsu takan saki ba tare da an lura ba. Zare ta, ka mayar da ƙarfi har ta zauna.

Bi wayar da yatsunka daga farko zuwa ƙarshe. Wurare biyu ne suka fi tsinkewa daga ciki: inda siririyar wayar ta fito daga akwatin, da gindin kan da ke shiga kwamfuta, domin nan ne ake yawan lanƙwasawa wajen naɗewa. Idan kana motsa wayar fitilar caji na kamawa tana ɗaukewa, ka kusa gano ɓarawon. Saura ka tantance ko wayar ce ko ramin cajin. Riƙe kan cajar cak a cikin ramin ka motsa wayar kaɗai, sannan ka bar wayar ka motsa kan. Wanda ya sa fitilar ta yi ƙyaftawa shi ne mai laifi.

Akwai wata alama mai muhimmanci ga cajar da ke da fitila a jikinta, kamar yawancin na Dell. Jona ta a bango ita kaɗai, fitilar ta kama. Yanzu soka ta a kwamfutar. Idan nan take fitilar ta mutu, cajar ba ta lalace ba, kare kanta ta yi, don ta tarar wuta ta haɗe a cikin laftof ɗin, ko a ramin caji ko a babban allon da masu gyara ke kira madabod. Sayen wata cajar ba zai yi maganin komai ba, ita ma haka za ta yi.

Juya akwatin cajar ka karanta rubutun da ke jiki, ka gwada shi da wanda ke ƙasan laftof ɗin. Za ka ga lamba kamar 19V, ko 19.5V a yawancin Dell da HP, ko 20V a Lenovo, da kuma ƙarfinta, 45W ko 65W ko 90W. Idan za ka ari cajar wani don gwaji, kuma wannan shi ne gwajin da ya fi kowane sauƙi da tabbas, lambar V ta zama daidai da taka, ta W kuwa ta kai taka ko ta fi. Don kan caja ya shiga rami ba shi ke nuna sun dace ba. Cajojin Dell da HP masu zagayayyen kai suna da siririyar allura a tsakiya, wadda ta nan kwamfutar ke gane cajar. Leƙa da tocila. Idan allurar ta lanƙwashe ko ta karye, batir na iya ƙin caji har ya ƙare ƙaf, mai shi bai san dalili ba. Wanda yake da mitar awon wuta zai iya auna cajar, baƙin tsinke a jikin ƙarfen waje, ja a bangon ciki, amma ya kiyaye kada jan tsinken ya haɗa bangon da allurar, don hakan na iya kashe cajar da ke lafiya.

Masu cajin USB-C nasu daban ne. Irin wannan caja ba ta sakin cikakkiyar wuta sai ta yi musayar bayani da na'urar da aka jona, don haka mita ba za ta nuna maka abin kirki ba. Ba kowane ramin USB-C ne ke karɓar caji ba, nemi wanda aka yi wa alamar wuta a gefensa, ka kuma gwada ɗayan ramin idan akwai. Cajar waya kuwa, ko da kanta ya shiga, yawanci ba ta da ƙarfin tayar da laftof. Wayar ma tana da nata iyaka: wadda ba ta da ɗan guntun na'urar shaida a cikin kanta ba ta wuce 60W, komai girman cajar.

Idan laftof ɗin ta yi watanni a ajiye, bar ta a caji rabin sa'a zuwa sa'a guda kafin ka yanke hukunci. Batirin da ya sauka ƙasa sosai a hankali ake farfaɗo da shi, wani lokaci ma fitilar ba za ta kama ba sai bayan mintuna.

Daga nan sai zubar da ragowar wuta. Ni a ganina wannan ne matakin da aka fi rainawa, alhali yana tayar da kwamfutoci da yawa da aka riga aka fid da rai da su. A cikin kowace laftof akwai wata 'yar ƙaramar na'ura da ke kula da maɓallin kunnawa da caji da fanka, kuma ba ta barci ko da an kashe kwamfutar. Idan ta rikice, sai ka danna maɓalli babu mai amsawa. Maganin shi ne a yanke mata wuta gaba ɗaya. Cire caja, cire duk abin da ke jone: filasha, linzami, katin ajiya, wayar talabijin, komai. Idan batirin na cirewa ne ta waje, cire shi. Danne maɓallin kunnawa ka riƙe daƙiƙa 30, ka ƙirga da gaske, kada ka saki a goma. Jona caja kaɗai ba tare da batir ba, ka kunna. Idan ta tashi, kashe ta ka mayar da batirin. Idan da batirin ta sake ƙi, to ka san batirin ne.

Yawancin na yanzu batirinsu a ciki yake. Riƙe maɓallin haka nan, yana aiki a da yawa. Wasu ThinkPad na Lenovo da wasu Acer suna da ɗan mitsitsin rami a ƙasa, wanda idan ka tura miƙaƙƙen tsinken ƙarfe ka riƙe 'yan daƙiƙu yake yanke batirin. Tabbatar da ramin daga littafin na'urar tukuna, kada ka soka tsinke a ramin makirfo. A MacBook, riƙe maɓallin daƙiƙa 10, ka saki, ka sake dannawa. Masu ƙwaƙwalwar Intel a ciki suna da haɗin maɓallai na sake saita SMC, wato waccan 'yar na'urar mai kula da wuta, wanda ya bambanta daga ƙira zuwa ƙira, amma masu ƙwaƙwalwar Apple, waɗanda suka fara daga M1 a 2020, ba sa buƙatar wannan. A Chromebook kuwa ana riƙe maɓallin Refresh ne a danna na kunnawa.

Idan wuta ta shiga amma allo baƙi

Tambayar a nan ita ce: kwamfutar ce ba ta tashi ba, ko ta tashi kai ne ba ka gani? Danna Caps Lock. Idan 'yar fitilarsa na kamawa tana mutuwa duk lokacin da ka danna, akwai rai, laifin yana wajen hoto. Ƙara hasken allo da maɓallinsa, don wasu na'urori suna dushewa har su yi kamar an kashe. Idan Windows ce, danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B tare, wannan yana sake tayar da manhajar hoto, kuma za ka iya jin ɗan ƙara. Ka kuma duba ko akwai maganaɗisu kusa, ko ka ɗora ta a kan wata laftof ɗin da ke rufe. Da maganaɗisu kwamfutar ke gane an rufe murfi, don haka na waje zai iya sa ta ɗauka a rufe take.

Yanzu ɗauko tocila, kashe fitilar ɗaki, ka haska allon daga gefe, kusa sosai, kana matsar da hasken a hankali. Idan ka hango inuwar rubutu ko tambari can ciki dishi-dishi, hoton yana nan, hasken bayan allon ne ya mutu. Sai ka jona ta da talabijin ko wani allon ta wayar HDMI, ka danna Windows da P, ko maɓallin sauya allo da ke layin sama. Hoto ya fito a talabijin? To ka huta, aikinka da bayananka suna nan, gyaran na allo ne ko na siririyar wayar da ta bi ta cikin maƙogwaron murfi. Wannan waya tana lanƙwasawa duk buɗewa da rufewa, shi ya sa idan hoto na zuwa yana ɗaukewa yayin da kake motsa murfin, ita ce abar zargi ta farko. Masu Dell suna da wata hanyar: a kashe, a riƙe harafin D a danna maɓallin kunnawa, allon zai nuna launuka ɗaya bayan ɗaya idan lafiyarsa ƙalau.

Idan Caps Lock bai amsa ba kuma talabijin bai nuna komai ba, na'urar ta tsaya ne a gwajin farko. A nan takan faɗi abin da ke damun ta, sai dai da ƙyaftawar fitila ko da ƙara. Zauna ka ƙirga da kyau, ka lura da launi da inda take ɗan tsayawa kafin ta maimaita. Ɗauki bidiyo da wayarka ya fi, don ido kan ruɗe. A yawancin Dell na zamani, ƙyaftawa 2 mai ruwan lemo da 3 fari na nufin ba ta ga RAM ba, 3 da 1 kuma ƙaramin batirin agogo ne. HP tana amfani da fitilar Caps Lock. Kowane kamfani da nasa lissafin, don haka nemi ma'anar a shafin kamfanin da lambar ƙirar da ke rubuce a ƙasan na'urarka.

Idan baƙin allon ya fara ne bayan sabunta BIOS, wato 'yar manhajar da ke cikin madabod mai tayar da kwamfuta kafin Windows, musamman in wuta ta yanke ana tsakiyar aikin, akwai hanyar ceto. A HP, da caja a jone, riƙe Windows da B, danna maɓallin kunnawa daƙiƙa biyu zuwa uku, ka sake shi kana riƙe da sauran biyun, ka yi haƙuri don allon kan jima kafin ya nuna wani abu. A Dell ana riƙe Ctrl da Esc ne sannan a soka caja.

Buɗe cikinta

Idan tana cikin garanti, tsaya nan ka mayar wa masu ita. Idan kuma hannunka bai saba ba, kuma ƙirar irin siririyar nan ce da aka manne da gam, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma a laftof da yawa, cire murfin ƙasa aiki ne da mai natsuwa zai iya.

Cire caja. Jera sukurorin a kan takarda yadda suke a jikin na'urar, don tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogo a ramin gajere yana iya huda abin da ke ƙarƙashi. Da tsohon katin roba ake ɓamɓare murfin, ba da wuƙa ko bakin sukundireba ba. Taɓa wani ƙarfe kafin ka sa hannu ciki don sauke wutar da jiki ke tarawa. Ɗauki hoton cikin kafin ka motsa komai. Abu na farko da za ka zare shi ne mahaɗar batir, ka ja ta ta kan robar, kada ka ja wayoyin. Tun da ka zo nan, riƙe maɓallin kunnawa daƙiƙa 30, ka gwada da caja kaɗai.

RAM ɗan siririn allo ne da wasu ƙarafa biyu suka riƙe ta gefe. Buɗa su waje da manyan yatsunka, zai ɗago da kansa a karkace. Zare shi ta gefuna, kada ka taɓa haƙoran masu ruwan zinare. Hure ƙurar ramin, ka mayar da shi a karkace yadda ya fito, ka tura har haƙoran su kusa ɓacewa, sannan ka danna ƙasa ka ji ƙas. Idan guda biyu ne, gwada ɗaya shi kaɗai a ramin farko, sannan a na biyu, sannan ka yi wa ɗayan haka. Ta wannan hanya za ka gane ko RAM ɗin ne ya mutu ko ramin. Bayan taɓa RAM, sababbin na'urori masu DDR5 kan yi minti ɗaya ko fiye da baƙin allo suna daidaita kansu, kada ka yi saurin kashewa. Idan ba ka ga RAM na cirewa ba, an narka shi ne a jikin madabod, babu abin yi a nan.

Batirin agogo kuwa mai kama da kwabo ne, 3V, yawanci CR2032, a laftof sau da yawa a naɗe cikin baƙar roba da 'yar waya. Idan kafin ta mutu kwanan wata na yawan komawa baya, shi ne. Zare shi na 'yan mintuna yana mayar da saitin BIOS yadda ya zo daga kamfani. Idan kuma kwamfutar na tashi ta mutu bayan ɗan lokaci, dubi fanka: ƙura kan dunƙule kamar auduga tsakanin fanka da ramin iska, zafi ya yi yawa, na'urar ta kashe kanta.

Idan tambari na fitowa amma ba ta ƙarasa

Cire filasha da duk wata ma'ajiya ta waje tukuna, don wani lokaci daga can take ƙoƙarin tashi. Sannan shiga BIOS da zarar ka kunna: F2 a Dell da Acer da Asus, F10 a HP, F1 a ThinkPad. Nemi sunan ma'ajiyarka a jerin. Idan babu ita, kuma saƙon da kake gani irin "No bootable device" ne, ko dai ta saki daga mazauninta ko ta mutu. Gwajin da ke cikin na'urar zai taimaka: F12 a Dell, Esc sannan F2 a HP. Rubuta lambar kuskuren da ya ba ka. Idan tsohuwar ma'ajiya ce mai faifai kuma kana jin ƙas-ƙas a ciki, kashe ta, kada ka ƙara kunnawa, kowane juyi yana ƙara cinye abin da za a iya cetowa.

Idan BIOS na ganin ma'ajiyar, matsalar ta Windows ce. Kunna, da zarar ta fara lodi ka riƙe maɓalli har ta mutu. Yi haka sau biyu, a na uku za ta shiga shafin gyara da kanta. Bi Troubleshoot zuwa Advanced options. Fara da Startup Repair. Bai yi ba, zaɓi Uninstall Updates ka cire sabuntawar ƙarshe. Bai yi ba, shiga Startup Settings ka danna 4 don Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da manhajoji kaɗan, inda za ka cire manhajar da ka saka daf da faruwar abin. Kada ka raina abin da fayil guda zai iya yi: ranar 19 ga Yuli 2024, sabuntawa ɗaya mara kyau daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da na'urori kusan miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, kuma maganin shi ne a shiga Safe Mode a goge fayil ɗin. Babu abin da ya ƙone a cikinsu.

A wannan shafin gyara akwai Reset this PC, wanda ke sake girka Windows. Ina roƙon ka, kada ka taɓa shi sai ka kwashe bayananka, kuma kada ka yarda wani ya ce sai an yi fomatin kafin a tambaye ka abin da ke ciki. Ko laftof ta mutu murus, ma'ajiyar takan kasance lafiya. Idan ta cirewa ce, siririyar M.2 ko mai inci 2.5, ana saka ta a ɗan akwatin USB a jona da wata kwamfutar a kwashe komai. A MacBook na shekarun nan an narka ma'ajiyar a jikin madabod ne, don haka ceton bayanai ya rataya a kan gyaran madabod ɗin.

Kafin ka cire ma'ajiya, ko ka sake saita BIOS, ko a canja madabod, nemi mabuɗin BitLocker ɗinka, wato manhajar Windows mai kulle ma'ajiya. Laftof da yawa masu Windows suna kulle ma'ajiya tun ranar farko ba tare da mai su ya lura ba, kuma bayan irin waɗannan canje-canje sukan nemi doguwar lamba mai alƙaluma 48 kafin su buɗe. Galibi tana cikin asusunka na Microsoft, za ka iya shiga ta waya ka kwafe ta. Idan kwamfutar ta wurin aiki ce ko makaranta, tana hannun masu kula da na'urorinsu.

Idan ka bi duk wannan ba ta tashi ba, abin da ya rage aikin madabod ne, mai buƙatar mita da kayan narka dalma. Tafi da cajarka, da bidiyon ƙyaftawar fitila, da jerin abin da ka gwada, ka faɗi gaskiyar abin da ya faru kafin ta mutu, ko faɗuwa ce ko ruwa ko cajar aro. Ka ce a sanar da kai abin da aka gano kafin a canja komai, a dawo maka da kayan da aka cire, kuma idan ma'ajiyar ta cirewa ce, zare ta ka ajiye a wurinka, don ba a buƙatar ta wajen gyaran wuta.